Sojan da Bai Komo Ba: Daga Maraɗi Zuwa Tsibiri da Jiratawa



Tun ina ƙarami kakata, wadda ta haifi mahaifina, ba ta taɓa kirana da sunana na yanka ba. "Yaya" take ce mini, ko a gaban baƙi, har abokaina na lakkwal suka mai da abin tsokana. Sai da na yi wayo aka faɗa mini dalili. Sunan wanta aka raɗa mini, wanda aka ɗauka soja a shekarar 1939, tana ƴar shekara shida, bai kuwa sake taka ƙofar gidansu ba. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo takarda ba. Wani da aka ɗebe su tare ya komo bayan yaƙi, ya ce rabonsa da shi tun a ƙasar Faransa, a farkon daminar 1940, ran da Jamusawa suka tarwatsa rundunarsu. Iyakar abin da gidanmu ya sani ke nan, yau shekara tamanin da ɗoriya.

A kwanakin baya wani abokin aikina da ya je Faransa ya aiko mini da hoton wata kushewa da ya gani a maƙabartar sojoji. Farin dutse ne, da zanen wata da tauraro a kansa, alamar Musulmi ne ke kwance. A inda ake sa suna kalma ɗaya aka rubuta, "Inconnu", wato ba a san ko wane ne ba. Na daɗe ina duban hoton nan. Can ga gawa an rasa sunanta. Nan Jiratawa kuwa ga tsohuwa da ta haura shekara casa'in, tana riƙe da sunan wani soja, da na uwarsa, da irin tsagar da ke fuskarsa, amma ba ta san inda aka sa shi ba. Wannan ya sa na ɗauki littafi da alƙalami a makon 11 ga Nuwamba, ranar da Turawa ke tuna matattunsu na yaƙi, na zaga Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, domin in ji abin da ya rage a bakin mutane game da samarin da aka ɗiba ba su komo ba.

Maraɗi: yadda suna ke ɓacewa

Mai son ganin Maraɗin da waɗannan samari suka bari, sai ya gangara fadama. Garin da muke ciki yau, da miƙaƙƙun titunansa da babbar kasuwarsa mai ci Litinin da Juma'a, a kan tudu yake, kuma ba shi suka sani ba. Tsohon gari yana ƙasa, a bakin Gulbi, har zuwa daminar 1945 da ruwa ya ci shi, hukumar lokacin ta tashi jama'a ta hau da su tudu. A shekarar ce aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan da Allah ya yi wa komowa sai da ya yi tambaya kafin ya gane sabon gidan ubansa. Na tsaya a fadamar da hantsi, ba abin da ke gabana sai lambuna da itatuwan mangwaro da masu ban-ruwa, alhali a nan ne iyaye mata suka yi wa ƴaƴansu rakiya ta ƙarshe.

Rundunar da aka kai su, Faransawa suna kiranta "tirailleurs sénégalais". Gwamna Faidherbe ya kafa ta a Senegal a 1857, sunan kuma ya bi kowane baƙin soja, ko Bambara ne, ko Bazabarme, ko Bagobiri, ko Bakatsine. A Yaƙin Duniya na Farko an ɗebi kusan mutum 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka, kimanin 30,000 suka mutu. Dokar 1919 ta mai da ɗibar soja abin kowace shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi, kuma wanda aka ɗauka shekara uku zai yi. A 1940 kimanin 40,000 ne suka fuskanci Jamusawa a cikin Faransa, wajen 17,000 daga cikinsu aka kashe, ko aka yi wa rauni, ko suka ɓace. Kason Nijar bai kai na Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, ko na Haute-Volta ba, amma gidan da aka ɗauke wa ɗa guda bai san da wannan lissafi ba.

A inuwar wani zaure kusa da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi na zauna da wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, wanda mahaifinsa ya ga zamanin. Ya ce da rani ake zuwa, kumandan da hafsan soja da likita. A gaya wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa masu gari. Likita ya duba samari, waɗanda ya ce suna da lafiya a yi musu ƙuri'a. Na ce, "Baba, kowa ke zuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, da an ji ƙishin-ƙishin, mai ƙafa ya kwana a daji, wani ya bi ta Jibiya sai Katsina. Ɗan mai hali ba safai yake tafiya ba. Wanda ba shi da kowa ake turawa, wani lokaci ma da sunan wani."

A nan ɓacewar suna take farawa, tun saurayi bai bar gari ba. Wanda ya tafi da sunan wani, ko an sami kushewarsa ba sunansa ke kai ba. Wanda ya tafi da nasa kuma, magatakarda ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji, Mahamman ya koma Mamane ko Mamadou, Abubakar ya koma Boukary. Ranar haihuwa babu, sai a ƙiyasta shekara. Maimakon ƙauyensa, sau da yawa sunan garin da kumandan yake zaune ake sawa. Abin da ya fi suna ƙarfi a wurin hukumar soja shi ne lamba, wadda ake bugawa a ɗan ƙarfen da soja ke ɗaurawa a wuyan hannu. In ƙarfen nan ya rabu da gawa, shi ke nan, sai "Inconnu".

Inda suke kwance

Kafin in kama hanyar Tsibiri, bari in gaya wa mai karatu inda irin waɗannan gawawwaki suke, domin a lise an koya mana ranakun yaƙe-yaƙen Turai ba tare da an ce mana akwai namu a ƙarƙashin ƙasar ba.

A Verdun, inda aka gwabza a 1916, akwai babban ɗakin ƙasusuwa na Douaumont. An tara ƙasusuwan mutum kimanin 130,000 a cikinsa, Faransawa da Jamusawa a gauraye, domin igwa ba ta bar abin da za a gane su da shi ba. A gabansa akwai kusheyi fiye da 16,000, daga ciki 592 na Musulmi ne, an juya su suna duban alƙibla. A tudun Chemin des Dames kuma, ran 16 ga Afrilu 1917, an tura baƙaƙen sojoji kimanin 15,000 cikin ruwan sama da ƙanƙara, hannuwansu sun sandare don sanyi. Cikin ƴan kwanaki kusan rabinsu sun faɗi, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Wasu ma ba su kai fagen fama ba. A barikin Courneau, a kudu maso yammacin Faransa, inda ake ajiye su da hunturu, ciwon huhu ya kashe fiye da 900 a 1916 da 1917, aka binne su wuri guda a cikin tudun rairayi.

Abin da ya faru a 1940 ya fi shafar gidanmu. A ranakun 19 da 20 ga Yuni, a ƙauyen Chasselay da kewayensa, arewa da birnin Lyon, wata rundunar baƙaƙen sojoji ta tare wa Jamusawa hanya har harsashinta ya ƙare. Da suka miƙa wuya, aka ware fararen hafsoshi gefe, aka kora baƙaƙen cikin wata gona, aka buɗe musu wuta daga tankokin yaƙi. Da yawa an raba su da ƙarfen lambarsu. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojojin da aka kashe ta wannan hanya a watannin Mayu da Yuni na 1940 sun kai 1,500 zuwa 3,000. Mutanen ƙauyukan ne suka binne su. Wani ma'aikaci mai suna Jean Marchiani ya tattara gawawwakin, ya gina musu maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasar Sudan, aka buɗe ta ran 8 ga Nuwamba 1942. Ana kiranta Tata. Baƙaƙen sojoji 188 ke kwance a ciki, da yawansu babu suna.

Akwai kuma waɗanda suka tsira daga Jamusawa, suka faɗi a hannun waɗanda suka yi wa yaƙi. A barikin Thiaroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka harbe tsofaffin fursunonin yaƙi da suka komo daga Turai suna neman a biya su haƙƙinsu. Hukumar lokacin ta ce mutum 35 ne. Sai a watan Nuwamba na 2024 shugaban Faransa ya amsa da bakin alƙalaminsa cewa kisan gilla ne, kana a watan Oktoba na 2025 kwamitin masana da Senegal ta kafa ya ce matattun sun kai 300 zuwa 400. A maƙabartar Thiaroye akwai kusheyi 202, ko ɗaya babu suna a kansa.

Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka, waɗanda suka yi wa Ingila soja, su ma haka. Sojojin Kano da Katsina da Sakkwato sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kushewarsu ba, har da ƴan Afirka ta Yamma. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da maƙabartun yaƙi na Ingila da ƙawayenta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Farko, galibinsu ƴan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa.

Turawa sun sama wa kansu hanyar rage wannan raɗaɗi. Ran 10 ga Nuwamba 1920, a Verdun, aka jera akwatuna takwas na gawawwakin da ba a gane ba, aka sa wani ƙaramin soja mai suna Auguste Thin ya zaɓi ɗaya. Aka kai shi Paris, aka binne shi a ƙarƙashin Arc de Triomphe, kuma tun 1923 wuta ke ci a kansa, ana rura ta kowace yamma. Manufar ita ce duk uwar da ɗanta ya ɓace ta iya tsayawa a wurin ta ce wataƙila nata ne. Uwar wan kakata, a Jiratawa, har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata akwai irin wannan wuri.

Tsibiri: wa ake yi wa kirari?

Ran Laraba na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Kasuwa ta cika, amalanke na shigowa da dammunan gero, ƙurar hunturu ta fara sauka. Na zo nan ne domin Tsibiri gari ne da yaƙi ya haifa. A 1836, a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi da ƙawayensu, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen fama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawan da suka rage ya kafa Tsibiri. In akwai inda aka iya riƙon sunan mazajen yaƙi a ƙasar nan, to a nan ne.

A ƙofar fada na sami wani tsohon maroƙi. Ya jero mini sarakunan Gobir ba gargada, Bawa Jan Gwarzo, Yakuba, Nafata, Yunfa, har zuwa Ali da Mayaƙi, kowa da kirarinsa. Da ya numfasa na ce, "Baba, a cikin dakarun da suka mutu a Gawakuke, ko za ka faɗa mini sunan mutum ɗaya?" Ya dube ni kamar na yi wauta. Ya ce, "Yaro, wa ke yi wa dakare kirari? Sarki ake kira, a kira barde. Sauran Allah ya san su." Na tambaye shi samarin Tsibiri da Nasara ya ɗiba. Ya ce an ɗiba, ya nuna mini gidaje biyu da hannu, ya ce in je in tambayi tsofaffin mata, su ke riƙe da irin wannan.

Maganar tsohon nan ta tsaya mini a rai. Muna ganin laifin Bature da ya rubuta "Inconnu" a kan namu, kuma da gaskiyarmu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tarihin da muke ji a fada na masu rawani ne, talakan da ya ɗauki baka da kwari bai shiga ciki ba. Dubi abin da ya faru a 1899. Ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, ya ratso ƙasar Gobir ya nufi Tasawa yana kisa da ƙone-ƙone. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsai da shi, a Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe su duka biyu a Maijirgi. Kusheyin Turawan nan biyu suna nan a Maijirgi, a kan hanyar Damagaram, duniya ta san sunansu. Mutanen garuruwan da aka kashe, da ƴan dakon da suka mutu a hanya da igiya a wuya, da sojojin da suka kawo ƙarshen ta'asar, kaɗan ne ƙwarai aka riƙe sunansu.

Na san wani mai karatu zai ce: ai irin rundunar da ta ƙone Ƙonni ita ce ta je Verdun da Chasselay, don me za mu tuna da masu yi wa ɗan mulkin mallaka aiki? Tambayar tana da nauyi, musamman yanzu da sojojin Faransa suka bar ƙasarmu tun watan Disamba na 2023. Amsata ita ce, saurayin da mai gari ya miƙa wa kumandan a 1939 ba shawararsa aka nema ba. Manomi ne aka raba da gonarsa da amaryarsa. Rubuta sunansa bai wanke wanda ya ɗauke shi ba, hasali ma shaida ce a kan abin da aka yi mana, domin ɓarnar da ba a ƙidaya ba da sauƙi ake musunta. Abin da ya sa aka shekara tamanin ana gardama a kan Thiaroye ke nan.

Jiratawa: abin da tsohuwa ta tambaya

Washegari na nufi kudu, Jiratawa. Mai zuwa garin da kaka zai tarar an fara gyaran gonakin noman rani, injinan ban-ruwa na ta ƙugi, mata na tsinkar zogale ana cika buhuna domin kasuwar Maraɗi da ta Yamai. Na sami kakata a gindin dogon-yaro a tsakar gida, tana jan tasbaha. Idonta ya yi rauni, amma da ta ji sallamata ta ce, "Yaya, kai ne? Ina ka baro mutanen birni?"

Bayan mun gaisa na ce, "Iya, labarin mai sunana na zo ki ƙara mini." Ta yi shiru, sa'an nan ta fara. Ta ce dogo ne, yana da tsagar Katsinawa, shi ke ɗaukarta a kafaɗa in za a gona. Shekarar da aka ɗauke shi ya yi aure, amaryar ko wata biyar ba ta cika a ɗaki ba. Ran da za su tafi an tara su a Maraɗi, mahaifiyarsu ta bi su da ƙullin ƙuli-ƙuli da laya, gardi ya kore ta. Amaryar ta zauna, ba ita ce matar aure ba, ba ita ce mai takaba ba. Malamai suka ce a littafin Risala matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira, kana ta yi idda irin ta mutuwa. Ta jira fiye da haka, sai bayan da abokin tafiyarsa ya komo ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta yi wani aure a wani gari. Mahaifiyarsu kuwa ba ta taɓa yarda a taɓa hauyarsa ba, tana rataye a ɗaki har ta rasu. Kowace shekara in an kai amfanin gona gida sai ta dama gumba ta raba wa almajirai da sunansa. Da ta rasu kakata ta ɗauka, har bana ba ta fasa ba.

Na ciro hoton nan na kusanta shi da idonta, na gaya mata abin da aka rubuta. Ta shafa shi da yatsa. Ta ce, "An juya fuskarsa gabas?" Na ce tun ƙarshen 1914 hukumar sojan Faransa ta ba da umurni a riƙa binne Musulmi yadda addininsu ya tanada, kuma a manyan maƙabartu an juya duwatsunsu suna duban alƙibla. Ta ce, "To wa ya yi masa salla?" Na rasa abin da zan ce mata.

Da la'asar na bi wani ƙanen mahaifina zuwa maƙabartar gari, muka yi wa magabata addu'a. A nan na lura da abin da na saba gani ban taɓa yin tunani a kansa ba. Kusheyinmu ma babu suna. Tudun ƙasa ne, da reshen ƙaya, da fasasshiyar tukunya a wajen kai, bayan ƴan damuna kuma ƙasa ta daidaita. Duk da haka ba wanda zai ce da mutanen da ke kwance a nan ba a san su ba. An yi musu wanka, an sallace su, jama'a sun raka su, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an raba gado, an mai da sunansu ga jikoki. Kakata ba dutse mai rubutu take nema wa wanta ba. Mutum take nema wanda zai ce mata: ranar kaza ya rasu, a wuri kaza aka sa shi. Wannan shaida ce gidaje irin namu suka rasa.

Abin da za mu iya yi

Samun irin wannan shaida ba mafarki ba ne. A watan Janairu na 2022 an kafa alluna a Tata ta Chasselay ɗauke da sunayen sojoji 25 da binciken masanin tarihi Julien Fargettas ya tono, bayan shekara fiye da tamanin. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa takardun matattun Yaƙin Farko fiye da miliyan 1.3 a intanet, a ƙarƙashin sunan "Mémoire des hommes", tare da na Yaƙin Biyu, kowa na iya dubawa kyauta. Takardun sojojin da suka fito daga ƙasashenmu suna ajiye a garuruwan Pau da Caen, wasu a Dakar, wasu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai. Ni kaina na nemi mai sunana da rubutu iri biyar, na sami mutane da dama masu irin sunan, ban iya cewa ga shi ba, domin ba mu da lambarsa. Takardun can suna da lamba da rana da wuri. Tsofaffinmu suna da sunan yanka, da na uba, da ƙauye, da shekarar da aka ɗauki mutum, da sunan wanda suka tafi tare. Sai an haɗa biyun ake gane mutum, kuma rabin da ke hannunmu shi ne mai saurin lalacewa, domin a bakin ƴan shekara casa'in yake.

Don haka ina kira ga ma'aikata, musamman malaman lakkwal da masu aiki a ma'aikatun magajin gari na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa: a buɗe littafi. Kowane mushe ya aiki ɗalibansa su tambayi kakanninsu wa aka ɗauka soja a gidansu, wace shekara, ya komo ko bai komo ba. Gidan da ke da littafin soja, ko lambar yabo, ko takardar fansho ta wani tsohon soja a ƙasan adaka, a ɗauki hotonta kafin gara ta cinye, domin lambar wanda ya komo takan kai mai bincike ga rundunar wanda bai komo ba. Alhazanmu ƴan kasuwa kuma, da suka gina masallatai da makarantu a garin nan, bango guda da za a rubuta waɗannan sunaye bai fi ƙarfinsu ba.

Littafin kuma kada ya tsaya a 1945. Ran 15 ga Oktoba 2024 hukumomi a Yamai suka sake wa dandalin tunawa da matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu suna, ya koma Bubandey Batama, domin ya haɗa dukan waɗanda suka rasu, soja da farar hula, tun daga zamanin mulkin mallaka har zuwa yau. Sojojinmu 71 sun faɗi a Inates ran 10 ga Disamba 2019, wasu 89 a Shinagodar ran 9 ga Janairu 2020, ban da na yankin Diffa da sauran wurare. Waɗannan an san sunansu, iyayensu da matansu suna raye. In ba a rubuta su a garuruwansu ba tun yanzu, jikokinmu za su riƙa jin adadi kawai, kamar yadda muke jin na Gawakuke da na Chemin des Dames.

A kwana ukun da na yi ina yawo na samo sunaye tara daga bakin tsofaffi, shida a cikinsu mata ne suka ba ni. Na farko a littafin shi ne nawa. Da zan bar Jiratawa na karanta wa kakata su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mini sunan uban mutum guda, ta ce ta san gidansu. Sa'an nan ta ɗaga hannu muka yi fatiha. Ta ce, "Yaya, in ka samo inda yake ina da rai, ka zo ka gaya mini. In na riga na tafi, ka gaya wa ƴaƴanka, kada a fasa gumbar."

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da na nesa, waɗanda aka san kushewarsu da waɗanda Shi kaɗai ya sani. Amin.